Aikin Da Ba A Ga Sunanka A Kai Ba, Shi Ma Naka Ne

A ranar 10 ga Nuwamba, 2023, mawaƙin nan ɗan Amurka, Chris Stapleton, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na biyar mai suna Higher. Waƙa 14 ce a ciki, kuma wadda ta fi tashe ita ce "White Horse". Jama'a sun karɓe ta a matsayin sabuwa fil, alhali ta kai shekara goma a ajiye. Shi da abokin aikinsa Dan Wilson suka rubuta ta da fatan a sa ta a fim ɗin The Lone Ranger na 2013. Fim ya fito babu ita. Stapleton bai yaga takardar ba, bai kuma zauna yana cizon yatsa ba. Ya adana ta, ya kama wani aikin. A watan Fabrairun 2024, waƙar nan da aka tsallake ta ci lambobin yabo na Grammy har biyu, ɗaya ta rubutu, ɗaya ta rerawa.

Wannan labari naku ne, ku masu cin guminku. Kai makaniki da ke kwance a ƙarƙashin mota tun hantsi, ke mai ɗinki da ba ki san barci ba idan Sallah ta matso, kai lebura mai ɗaukar kwanon siminti zuwa hawa na uku, ke malamar makaranta mai jiran albashin da ya makara, kai manomi da ke duban gabas kana lissafin ruwa. Ko kuna sauraren waƙa ko ba kwa saurare, ku tsaya ku ji, domin maganar ta sana'a ce. Magana ce a kan shekarun da mutum ke yi yana aiki a bayan fage, wasu na karɓar yabo, shi kuwa hannunsa na ƙara nuna bai ma sani ba.

Kiɗan kantiri, wanda Stapleton ke yi, kiɗa ne na mutanen karkara a kudancin Amurka. Manoma, direbobin manyan motoci, masu haƙar kwal da ma'aikatan masana'antu su ne mutanen cikin waƙoƙinsa, su ne kuma masu sayen faya-fayansa. Bashi, aure, rabuwa, mutuwa, addu'a da gajiyar aiki, su ake rerawa. Waɗanda suka tashi da rediyo a Najeriya a shekarun 1970 da 1980 ba za su manta muryar Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton ba. Ɗaya daga cikin kayan kiɗan ma, wato banjo, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kwashe su suka tafi da iliminsa, kuma dangin gurmi da molo ne. Duk wanda ya ji yadda Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa ya san ƙimar a mayar da talaka mai neman halal abin waƙa.

A cikin irin waɗannan mutane Stapleton ya tashi. An haife shi a 1978, ya girma a wani ɗan ƙauye mai suna Staffordsville a gabashin jihar Kentucky, ƙasar duwatsu da ramukan kwal. Daga wannan yanki ne Loretta Lynn ta fito, 'yar mai haƙar kwal da ta zama gagarumar mawaƙiya. Mahaifin Stapleton ma a mahaƙar kwal ya yi aikinsa. Yaron ya shiga jami'ar Vanderbilt don karatun injiniya, ya yi shekara guda ya bari. A 2001 ya tattara ya koma birnin Nashville na jihar Tennessee, cibiyar wannan kiɗa, ya samu aiki a wani kamfanin dillancin waƙoƙi mai suna Sea Gayle. Aikin shi ne rubuta waƙa don wasu su rera.

Ya kamata mu leƙa wannan sana'a da kyau, don mutane da yawa sun ɗauka waƙa saukowa take yi wa mai baiwa yana kwance. A wata unguwa ta Nashville da ake kira Music Row akwai tsofaffin gidajen kwana da aka mayar ofisoshi. A cikinsu akwai ƙananan ɗakuna, kowanne da kujeru biyu ko uku, da jita, da littafin rubutu. Marubuta kan sa wa juna lokaci, su haɗu da hantsi, wani lokacin ma ba su taɓa ganin juna ba. Ɗaya ya kawo jigo, ɗaya ya kawo kari. A gwada baiti, a soke, a sake. A ɗauki sa'a guda ana ja-in-ja a kan kalma ɗaya tak. Kafin la'asar a so a ga an tashi da waƙa. Sai a naɗe ta a matsayin samfuri, dillalin kamfani ya shiga yawo da ita wajen manyan mawaƙa. Mafi yawan waɗannan waƙoƙi babu mai ɗauka. Kuɗin da kamfani ke ba marubuci duk wata kuwa kafin alƙalami ne, za a cire daga abin da waƙoƙinsa suka kawo nan gaba. Gobe da safe, ko an ɗauki ta jiya ko ba a ɗauka ba, ya sake komawa ɗakin nan ya buɗe sabon shafi.

Shekara 14 Stapleton ya yi a haka kafin kundinsa na farko ya fito. A tsawon lokacin ya tara waƙoƙi wajen dubu, wasu mawaƙa suka rera sama da 150. Josh Turner ya kai matsayi na ɗaya da waƙar da Stapleton ke cikin marubutanta a 2006, Kenny Chesney ya yi haka a 2007. George Strait da Darius Rucker da Luke Bryan duk sun ci moriyar alƙalaminsa, har Adele ta Ingila ta rera wata waƙarsa. Miliyoyin mutane sun haddace kalmominsa ba su san fuskarsa ba. Sunansa na can a bayan faifai da ƙananan baƙaƙe, inda ba kowa ke dubawa ba.

Ku da kuke aiki a ƙarƙashin wani kun san wannan hali sarai. Ku dubi yaron shagon tela a daren jajibirin Sallah. Wuta ta ɗauke, an kunna janareta, ƙarfe biyun dare ya wuce. Shi ya yanka shaddar, shi ya haɗa wuyan, shi ya zauna ya warware aljihun da ya karkace ya sake ɗinkawa, alhali mai rigar ba zai taɓa lura ba. Da safe mai kaya ya zo, ya ɗaga rigar, ya yaba wa maigida, ya ce ai aikin wane ba ya ɓuya. Yaro na gefe yana goga. Abin da ciwo, kuma babu amfanin a ce babu. Amma a tsaya a yi lissafi. Mai riga ya tafi da rigarsa, maigida ya tafi da yabo. Iya yankan nan fa, da idon da ya hango karkatar aljihu cikin hasken da bai kai ya kawo ba, wa ya tafi da su? Suna nan a jikin yaron. Ba a ƙwace su, ba a gadar da su ga ɗan maigida, ba sa ƙonewa idan gobara ta tashi a kasuwa.

Haka Stapleton ya yi ta tarawa. Daga 2007 zuwa 2010 ya zama mai jan baki a wata ƙungiya mai suna The SteelDrivers, masu kiɗan gargajiyar duwatsun Kentucky, wanda babu ganga a cikinsa, babu jitar lantarki, sai tsirkiya da murya. A nan ya koyi yadda murya ke cika fili ita kaɗai. Daga nan ya kafa wata ƙungiyar kiɗa mai zafi, The Jompson Brothers, wadda ba ta yi nisa ba. A 2013 kamfanin Mercury Nashville ya ɗauke shi a matsayin mawaƙi mai zaman kansa. Aka saki waƙa ɗaya, gidajen rediyo ba su rungume ta ba, sai aka jingine kundin da ya riga ya naɗa. A watan Oktoban wannan shekara mahaifinsa ya rasu. Yana da shekara 35, ga iyali, ga aikin da aka jingine, ga rashin uba. A irin wannan gaɓa ne mutane da yawa kan ce sun gaji, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Matarsa Morgane, wadda ita ma marubuciyar waƙa ce, ta saya masa wata tsohuwar mota ƙirar Jeep ta 1979 a can jihar Arizona. Suka je suka tuƙo ta zuwa gida, tafiya ta kwanaki a cikin hamada. A kan wannan hanya ya rubuta waƙar da ta ba kundinsa na farko suna, Traveller. Da suka dawo, Morgane ta zauna ta bi tarin waƙoƙin da ya rubuta cikin shekaru, ta taya shi tsamo waɗanda suka fi kama da shi. Ya nemi furodusa Dave Cobb, suka shiga wani tsohon situdiyo, RCA Studio A, wanda saura ƙiris a rushe shi a 2014. A zamanin da aka saba naɗar kowane kayan kiɗa daban a harhaɗa da kwamfuta, su sai suka taru a babban ɗaki guda suna kallon juna: shi da jitarsa, J.T. Cure da jitar bas, Derek Mixon da ganguna, Morgane na amshi. Abin da suka buga tare shi aka ji.

Kundin ya fito a watan Mayun 2015, da waƙa 14, 12 daga ciki da hannunsa a rubutunsu. A makon farko an sayi kwafi kimanin 27,000. Rediyo ba ta damu da shi sosai ba, don yayin da ake yi a lokacin shi ne na samari masu waƙoƙin sharholiya, shi kuwa ga shi da gemu buzu-buzu da dogon gashi da malafa, yana da shekara 37. Sai ranar 4 ga Nuwamba, 2015, a bikin lambobin yabo na kiɗan kantiri, wato CMA, ya hau dandamali tare da Justin Timberlake suka rera waƙa biyu. A daren ya karɓi lambobi uku: kundin shekara, gwarzon mawaƙi namiji, da gwarzon sabon mawaƙi. A makon da ya biyo baya aka sayi kwafi 153,000, kundin ya haye matsayi na ɗaya a jerin Billboard na duk nau'o'in kiɗa. Da shekaru goman suka ƙare, Billboard ta sa shi a kan gaba cikin kundayen kantiri na 2010 zuwa 2019.

Wanda ya ga daren nan kawai zai ce sa'a ce. Sa'a akwai ta, kuma Allah ke ba da ita. Amma an ba mawaƙa da yawa irin waɗannan mintoci a gaban duniya, gari ya waye an manta da su. Abin da ya bambanta Stapleton shi ne damar ta zo ta same shi a shirye. Mutane sun ji muryar, suka ruga neman kundin, suka tarar da aikin da aka shekara 14 ana gogewa. Dama ba ta aiko da saƙon ranar zuwanta. Ranar da babban kwastoma zai tsaya a ƙofar garejinka domin motarsa ta mutu a daidai nan, ba ranar ce za ka fara koyon gano matsalar inji ba.

Wace irin bunƙasa ce ya samu a rubutu? Farko ya koyi rubuta wa bakin wani, wato ya auna muryar mawaƙi da halinsa ya yanka masa waƙa daidai da shi. Wannan ya koya masa tsari da taƙaitawa, da sanin cewa kalmar da ba ta aikin komai a baiti kaya ce kawai. Da ya zo rubuta wa kansa, sai ya ƙara abin da ɗakunan Music Row ba sa koyarwa: ƙarfin halin faɗin abin da ya shafe shi, a fili, babu ado. Akwai wata waƙa a kundin farko inda ɗa ke ba da labarin mahaifinsa mai yawan addu'a da ya daina yi. Mai sauraro na ta zaton uban ya bar hanya ne, sai can gaba ya gane rasuwa ya yi. Babu kururuwa, babu dogon bayani, an bar mai ji ya gano da kansa. Sabon shiga kan zuba duk abin da ya sani a aiki ɗaya don a ce ya iya. Gwani ya san abin da zai bari. Kafinta ya san haka, mai girki ta san haka, birkila ma ya sani.

Daga nan bai miƙe ƙafa ba. Ya fitar da kundi biyu a 2017, ya fitar da Starting Over a watan Nuwamban 2020 ana tsakiyar annobar korona, sannan Higher a 2023, wanda Morgane ta shiga sahun furodusoshinsa. A 2024 lambobinsa na Grammy suka kai goma. A watan Fabrairun 2023 shi aka gayyata ya rera taken Amurka a wasan Super Bowl, ya tsaya da jitarsa shi kaɗai, masu kallo sama da miliyan 100. Wani abin lura kuma, da yawa daga waƙoƙin waɗannan kundaye tsofaffi ne da ya rubuta tun ba a san shi ba. Ita kanta waƙar "Higher" tana cikin na shekarunsa na farko a Nashville, ta haura shekara ashirin kafin ta fito. Shekarun ɓoye sun zame masa rumbu: ya zuba a lokacin da babu mai saye, yana ɗiba a lokacin da kowa ke nema.

To 'yan'uwa, me za mu ɗauka?

Mu fito aiki. Ranar da zuciya ke so da ranar da ba ta so, ranar ciniki da ranar da kasuwa ta yi tsit. Mutumin nan bai jira ilhama ta sauko ba, lokacin aiki ya sa wa kansa ya kiyaye. Waƙa dubu ba a wata guda ake rubuta ta ba, kuma cikin dubun nan da yawa ba su kai ba. Su ne kuɗin makarantar waɗanda suka kai.

Mu yi aikin wani kamar namu, domin a gaskiya namu ne. Mai algus a aikin maigida yana ganin maigida ya cuta, alhali hannunsa yake koya wa ha'inci. Ranar da aka yaye shi ya buɗe nasa shagon, da wannan hannun zai buɗe. Mai gyara ɗinkin da ba a gani, mai ɗaure noti na ƙarshe da babu mai dubawa, mai shirya darasi ko sufeto ba zai zo ba, kansa yake ginawa.

Kada mu raina abin da aka ƙi. Samfurin da kwastoma ya mayar, dabarar da maigida ya yi wa dariya, takardar neman aikin da ba a amsa ba, ba lallai ne su zama marasa kyau ba. Wani abin lokacinsa ne bai yi ba, wani kuma ba mai shi aka kai wa ba. A duba shi da idon basira. In da gyara a gyara, in babu a adana.

Mu kuma san haƙƙinmu. Haƙuri daban, yarda da zalunci daban. Ko a shekarun da ba a san fuskar Stapleton ba, sunansa na rubuce a kan kowace waƙa, kuma duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko aka sayar, kasonsa na zuwa. Da wannan ya riƙe gidansa tun kafin duniya ta san shi. Ku yi yarjejeniya a fili, a gaban shaidu, in da hali a rubuce: nawa ne ladan, shekara nawa ne koyon, me za a sallami yaro da shi. Ku shiga ƙungiyoyin sana'arku ku ƙarfafa su. Ku kuma iyayen gida, masu gareji da masu shago da 'yan kwangila, ku ji tsoron Allah a kan yaranku. Ku biya su a kan lokaci. Idan aka yaba aiki, ku buɗe baki ku ce wane ne ya yi. Faɗin haka bai taɓa rage wa maigida girma ba.

Sannan mu riƙe mutanenmu. Matar da ta zauna ta tantance waƙoƙin nan, ita ke tsaye kusa da shi a dandamali har yau, kuma makaɗan da suka naɗi kundin farko bai watsar da su ba da ya ɗaukaka. Kowane mai sana'a na da irin waɗannan: uwar da ta sayar da akuyarta ta saya masa keken ɗinki, matar da ta iya juya ɗan cefane ya kai ƙarshen wata, abokin da ya ara masa kayan aiki. Idan buɗi ya zo, su ne na farko.

Ba zan ce muku kowa zai hau dandamali ba. A Nashville kanta akwai dubban marubuta da suka tsufa ba a taɓa kiran sunansu a bikin yabo ba. Ɗaukaka rabo ce. Amma ƙwarewa ba ta taɓa tashi a banza. Ita ke sa a tsallake shaguna goma a zo naka. Ita ke sa a kira ka daga wani gari. Ita ke ciyar da 'ya'ya da halal, ta ba mutum damar kallon kowa ido da ido. Birkilan da ginin da ya yi ke tsaye bayan shekara talatin, ungozomar da rabin yaran unguwa a hannunta suka faɗo, direban da ya shekara ashirin a hanya bai taɓa zubar da fasinja ba, waɗannan manyan mutane ne ko da jarida ba ta taɓa buga hotonsu ba. Da su ƙasa ke tsaye.

Saboda haka kada wanda ya ce maka shekaru sun ja, ko ya ce miki lokaci ya wuce. Sannu ba ta hana zuwa. Gobe da asuba a tashi da niyya. A wasa almakashi, a share gareji, a gyara fartanya, a buɗe littafin darasi. A koyi abu ɗaya da ba a iya ba jiya, a koya wa na baya abu ɗaya da aka iya. A nemi haƙƙi da murya mai ƙarfi, a yi aiki da hannu mai gaskiya. Ku ɗaga kanku sama, ma'aikata, sana'arku abin alfahari ce. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya kawo buɗi na alheri, ya sa ya same ku a shirye.